Birkin Baya

Ranar da rimok ta ture ni
a gangaren da ke sauka Gulbi,
na taka birki, motata ta ji,
abin da ke bayana bai ji ba.
Buhu ashirin na aya daga Cadawa
suka ce su dai tafiya suke.
Na ga mai amalanke ya saki igiya,
na ga sansa ya waiwayo,
ban san sa'ad da salati ya ƙare a bakina ba.
Muka tsaya. Taku uku tsakanina da ƙaho.
Mutumin bai zage ni ba.
Da ma ya zaga.

Washegari na tafi wurin Tsahiru mai waya,
bayan tasha, gindin bedi.
Ya shiga ƙarƙashi ya taɓa gangunan rimok,
ya ce maganaɗisun na da rai,
mai ba su umarni ne babu.
Ya fiddo akwati biyu, kowane tafin hannu.
Wannan, in ji shi, ƙidaya ya sani:
ka lallaɓa birki ko ka danne,
nasa lokaci zai ƙirga ya kama.
Arha gare shi.
Wancan kuwa yana jin sunkuyon mota,
in ka yi sannu ya yi sannu,
in ka firgita ya firgita tare da kai.
Na tambayi kuɗi. Ya faɗa.
Na dubi takalmina.
Sai idon san nan ya faɗo mini,
na ƙirga jikkuna, na bar bashin biyu.

Waya huɗu.
Baƙa ta tafi batir, fara ta kama ƙarfe,
ja ta maƙale wa fitilar birki,
shuɗiya ta bi ciki da ciki har baya.
Ya ɗaure akwatin ƙasan sitiyari
da ido ɗaya a rufe,
wai karkatacce ba ya faɗin gaskiya.

Bayan la'asar muka hau hanyar Ɗan Isa
da kayan a kai.
Riƙe arba'in, ya ce, janye ƙafarka,
matsa ɗan hannun nan kaɗai.
A uku, kamar na kira kurma.
A takwas taya ta kwarma ihu,
ƙaurin roba ya shigo ta taga,
wata mai tallan tafasa ta dafe kwanonta.
Bakwai, da sauran kuka.
Shida da rabi:
sai na ji an riƙe ni ta baya
kamar yadda tsohuwata ke kama mini riga
in na tashi da zuciya.
Nan ne, in ji Tsahiru,
inda taya ke gab da kuka ba ta yi ba.
Amma lambar ta kayan yau ce.
In ka sauke, rage.
In hadari ya zuba, rage.
Na ce na ji.

Ban ji ba.
Ran Juma'a na juye aya a kasuwa,
na fito wayam, ina lissafin riba,
a shatale-tale na taɓa birki,
rimok ta yi tsalle kamar ɗan akuya,
ta zana baƙin layi biyu a kwalta.
Nomau, yaron motata, ya yi dariya
har hularsa ta faɗi.
Ɗan sanda ya busa, ya zo ya ga layin,
ya tambaye ni ko sa hannu nake.

Yanzu kafin in tada inji
babban yatsana ke fara tambaya:
me muka ɗauko yau?
Jiya na sake sauka gangaren Gulbi
da ridi buhu sha takwas.
Na taka, muka tsaya tare, gaba da baya.
Na duba ko zan ga mai amalanken.
Ba kowa, sai yara biyu da tulu.
Har yau Tsahiru na bina jika biyu.